Kazar da Ta Daina Gaisuwa

Ina da shekara takwas ko tara kakata, wadda duk gari ke kira Iya Fanna, ta ba ni kaza. A ƙauyenmu, can gefen Ollelewa cikin Damargu, haka ake fara wa yarinya dukiya: kaza ta yi 'ya'ya, a musanya su da akuya, akuyar ta raka ta har ɗakin miji. Shekarar ce aka ce gwamnan Nasara ya tashi daga Damagaram ya koma Yamai. Mu dai tashinsa bai dame mu ba. Ni kazata ce a gabana, wake-wake mai gajerun ƙafafu, kuma ban taɓa son wata dabba kamarta ba.

Lokacin kaka kazar ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, shirwa ta kwashe 'yan tsakin ɗaya bayan ɗaya. Ana nan kuma sai shaho ya kawo mata sura a kan idona, Allah ya sa gashin wutsiya kawai ya samu. Tun daga ranar na tura ta cikin akurki, na tare ƙofar da tsohon turmi, na ce ta gama fita. Tsabar gero zalla nake ba ta, wadda nake ɗiba a ɓoye in Inna tana sussuka. Ruwa kuwa, rijiyarmu sai an haɗa igiya da igiya, don haka sau ɗaya nake zuba mata a sakaina, ita kuma ta take ta zubar. Ta yi ƙiba, ta yi nauyi, ina ta alfahari. Sai dai ƙwai ya ɗauke ɗif, wata ɗaya, wata biyu.

Lokacin Inna tana da tsohon ciki. Wata safiya Baba ya ɗaga kazar ya jinjina ta, ya ce, "Habsu, wannan gero take ci a banza. Ranar da uwarki ta sauka, ita za a yanka a yi mata romo. In ta yi ƙwai kafin nan, ta tsira."

Baba ba ya magana biyu. Na wuni ban ci abinci ba.

Da sanyi, in an gama tuwon magariba, Iya Fanna takan hura wutar kara a ƙofar bukkarta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta tatsuniya kyauta. Sai ta ajiye ƙwaryar gyaɗa a tsakiya, wanda hannunsa ya tsaya da ɓara, bakinta ma ya tsaya. Wutar kara ba ta daɗewa, shi ya sa tatsuniyoyinta gajeru ne. A wannan maraice ta dubi kumburarriyar fuskata ta ce, "Ke uwar kaji, matso nan. Ga wata ta taso, taki ce."

Ta ce wai a farkon duniya kaza ba ta da abin yin ƙwai, sai aka haɗa ta da manya uku, aka ce ta riƙa gaishe su kullum. Da sassafe ta fito ta buɗe fiffike ta gai da Rana, Rana ta gutsuro mata gwaiduwa daga jikinta. Ta sunkuya ta yi tono ta gai da Ƙasa, Ƙasa ta ba ta tsakuwar yin ɓawo, ta ƙara mata da gara da tsutsa na tukwici. Sannan ta je ta gai da Ruwa, ta ɗaga kai sama ta yi godiya, shi kuma ya ba ta farin ƙwai. Haka ake yi, har wata kaza ta faɗa hannun wata mata mai tausayi. Matar ta ce kazarta ta fi ƙarfin yawo, ta sa ta a ɗaki, tana kai mata hatsi har gaban baki. Rana ta leƙo ba ta gan ta ba, ta ce, "Ashe ta yi arziki." Ƙasa ta ce, "Ni ma rabona da ƙafarta an jima." Kowa ya riƙe abinsa. Matar ta bi bokaye, wannan ya ce maita ce, wancan ya ce bakin maƙwabta ne, har wata tsohuwa ta zo wucewa ta ce, "Yarinya, yaushe rabon kazar nan da gaisuwa?"

Nan ta tsaya, ta tura kara a wuta. Sauran yara suka kwashe da dariya suna kallona. Kunya da haushi suka kama ni, na ce, "Iya, ai a tatsuniyarki babu shaho."

Ta ce, "Akwai shi mana. Ban ce ya mutu ba. Ɓare gyaɗarki."

Na gane sarai abin da take nufi, ba wani wuya a ciki. Amma ni tun ina ƙarama taurin kai gare ni, kuma tsoro ya fi taurin kan yawa. Kullum sai in je in dafa turmin nan, in ɗaga kai in dubi sama, in fasa. Na ce gobe, gobe ta zo na ce jibi. Sai da na cinye kwana bakwai cur kafin na kawar da shi.

Ta fito tana tangaɗi kamar mai jinya, ido a kanne. Ta nufi gindin danga ta yi birgima cikin ƙasa, ta hau tsattsagar tsakuwa, geron da na watsa mata ko kallo bai ishe ta ba. Na koma zuba mata ruwa sau uku, daga rabona na sha. Cikin kwana goma tsoronta, naman nan na bisa kanta, ya yi ja, ta fara 'yan ƙananan koke-koke tana leƙa lungu. Ni kuwa kullum hannuna yana cikin akurki, ba komai.

Ranar sha uku da fitarta Inna ta sauka, namiji. Na durƙusa gaban Baba na roƙi kwana biyu. Ya ce, "An ba ta wata biyu da rabi. Sauran kajin duk da 'ya'ya suke, uwarki kuma yau take bukatar romo." Bai faɗa da faɗa ba, har ya dafa kaina. Aka yanka ta.

Iya Fanna ce ta gyara ta a bayan ɗaki. Ina can na haɗa kai da gwiwa ta kira ni, ta ce, "Zo ki gani da idonki." Cikin kazar kitse ne rawaya jingim. A ƙarƙashinsa ga gwaiduwa a jere, daga masu kamar ƙwayar dawa har masu kamar magarya, ga kuma guda babba, har ta yi fata mai taushi, ɓawo kawai take jira.

"Gobe ne," in ji ta, "ko jibi."

Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har muryata ta dishe.

Na daɗe ina zaton abin da na koya a nan kiwon kaji ne, kuma gaskiya tun daga lokacin kazata ba ta sake wuni a rufe ba. Sai da na yi aure a Tarka, na binne 'ya'ya biyu, ta uku ta tsaya, sannan na ga sauran darasin. Yarinyar nan ban bar ta ta taka ƙofar gida ba har ta shekara shida. Ƙafafunta sirara, in akuya ta yi atishawa sai ta ruga bayana. Na san abin da nake yi mata, kamar yadda na sani a wancan karo. Sanin bai taɓa yi mini wuya ba, kwanakin da nake ɓatawa bayan na sani su ne ciwona.

Wata safiya 'yan mata suka biyo za su itace, ta tsaya tana leƙensu ta kafar danga. Bakina har ya ɗauko "gobe". Na haɗiye, na ɗaura mata zane, na miƙa mata igiya. Ranar ban iya daka ba, ban iya zama ba.

Da azahar ta dawo, zane cike da ƙarangiya, gwiwa a kurje, da 'yan ƙirare biyar a ka. Ta cinye abincinta tas, ta miƙo ƙwarya ta ce in ƙara.