Ranar da Na Sa wa Disket Rawani

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da banki ta koro mu da albashin ma'aikata ba. Shekara biyu ke nan bayan an karya darajar sefa, ina mataimakin kontabul, wato akanta, a wani porje na gina rijiyoyi a Madawa. Karatuna bai wuce firamare da koyon buga keken rubutu ba, amma da yake ni kaɗai ne ba na tsoron taɓa ordinatar, wato kwamfuta, sai aka ɗauke ni masani. Ni ma na yarda.

Da can a buhu ake kawo albashi daga Tawa. Da hanya ta lalace da 'yan fashi, aka buɗe wa kowa asusu. Ordinatar ɗinmu ke lissafa albashin, mu kwafe shi a disket, wato ɗan faifai kamar tafin hannu, a kai bankin Tawa. Banki ta ba mu takardar ƙa'ida: kowane ma'aikaci layi guda, suna da iyakar filinsa, sai lambar asusu, sai kuɗi a ƙarshe. Injinsu ba ya karatu, ƙirga gurbi yake yi, abin da ya wuce iyakar layi ya yanke. A ƙasa an rubuta kada a taɓa komai da hannu. Na karanta wannan da idona.

Na buga jerin a takarda na kai wa Direkta ya sa hannu. Ya duba, ya cire tabarau.

"Abdu, wane na wanga?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"Ni? Sau biyu ina zuwa Makka, kuma a rubuta ni tsirara ƙarƙashin mai gadi? Ina Alhajin ya tahi?"

Amsar gaskiya gajera ce: banki ba ta so. Amma ni mai neman ƙarin girma ne a lokacin. Na ce, "Yanzu a gyara, ranka ya daɗe."

Na buɗe fayil ɗin na shiga rabon sarauta. Direkta ya samu Alhajinsa. Shugaban masu gina rijiya, wanda ke da sarautar noma a ƙauyensu, ya samu Alhaji Sarkin Noma. Sakatariya ta zama Hajiya. Da na iso kan sunana, na ga bai dace mai rabo ya tashi hannu wofi ba, na sa wa kaina Malam. Bawa mai gadi kaɗai na bari yadda uwarsa ta haife shi.

Shi Bawa mutumin Azarori ne. Bara gonarsa ba ta yi ba, har irin shuka iyalinsa sun cinye. Washegari da safe, ina shiga mota, ya riƙe ƙofar, ya kira ni Mushe, wato Mista a bakin Faransawa.

"Mushe Abdu, hadari na haɗuwa gabas. In kuɗɗin nan sunka hito, iri za ni saye. Ƙasa ba ta jiran mutum."

"Haba Bawa, zamanin inji muke. Kahin ka kai gida kuɗɗinka sun riga ka."

A Tawa wata ma'aikaciyar banki, Madam Saratu, ta sa disket a injinta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo mini da gilashin.

"Mushe, wa ya yi wanga aiki?"

Na gyara zama. "Ni ne."

"Sannu da ƙoƙari. Zo ka ga."

Kowace sarauta da na ƙara ta ture layin gaba, kuɗin da ke ƙarshe suka faɗa rami. Albashin Direkta bai kai kuɗin goro ba. Ni Malam na tsira da kuɗin kokon safe. Alhaji Sarkin Noma, da yake ya fi kowa girma, bai samu ko dala ba.

"Layi guda na daidai," in ji ta, "na wani Bawa."

"To a biya shi, Madam, don Allah."

"Jimla ba ta hau ba, inji ya ƙi duka. Mu nan ba mu da izinin taɓa muku komi. Koma ka tuɓe musu rawunna, ka kawo sabuwar takarda da sa hannun shugabanku."

A hanyar komowa ruwan farko ya same mu. Ƙamshin ƙasa ya cika mota. Gyaran bai ɗauke ni komai ba, amma Direkta ya riga ya wuce Yamai taron ƙara wa juna sani. Kafin ya dawo ya sa hannu a ƙarƙashin sunansa tsirara, ƙasa ta bushe. Bai sake neman Alhajin ba, don na gaya masa abin da ya rage masa a albashi.

Bawa ya yi shuka a ruwa na biyu, wanda ya yi jinkiri. Hatsin maƙwabtansa ya fid da kai nasa bai wuce gwiwa ba. Da kaka ya rufe ɗakinsa ya tafi cin rani Abijan, aikin gadin ma ya bar shi. Ranar da ya zo sallama na fara kame-kamen ba shi haƙuri, ya tare ni.

"Bar shi, Malam Abdu. Ai kai Malam ne yanzu, ko? Ni dai in za ka sake rabon sarauta, ka bari sai bayan shuka."

Ku da kuke aika albashi da danna maɓalli yau, ku ji daga bakina. Inji bai san Alhaji ba, bai san Sarkin Noma ba, kuma wannan ba rashin kunya ba ne, aikinsa ke nan. Mai gidanku zai so a kambama shi, ku kambama shi da baki, kyauta ne. Amma kada ku kai shi cikin fayil. A wannan sana'a tamu, in babba ya ɗaura rawanin da ya fi filinsa, ba kansa yake dannewa ba. Namu ya faɗo ne a kan gonar Bawa.