Yaya Kabiru da Ranar da Ya Ajiye Allura

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Kabiru. A irin wannan watan aka kai shi makwancinsa a Manchester, garin da ya je da niyyar yin karatu ya koma gida, ya ƙare da zama har ƙarshen rayuwarsa. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana dai na daure.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Yaya likitan gashin ƙashi ne tun asali. Daga baya ya koyi allurar Sin, wadda Turawa ke kira acupuncture: siraran allurai ne, babu ruwan magani a cikinsu, ana kafa su a wasu wurare na jiki don rage ciwo. Ya buɗe ɗakin aikinsa a unguwar Fallowfield, a saman wani shagon wanki. Da labari ya isa Kano, mahaifiyarmu ta ce masa a waya, "Wato duk karatun nan wanzami ka zama?" Ya yi dariya ya ce, "Wanzami ne, Hajiya, sai dai babu ƙaho."

Ni a lokacin ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham. Shi ya ja ra'ayina har na shiga makarantar koyon aikin, kuma kowace Asabar nakan hau jirgin ƙasa in je in tsaya a gefensa ina kallo. Hannun Yaya abin kallo ne. Zai kafa allura yana hira, marar lafiya bai ma san an fara ba.

Wata Asabar da hantsi wani tsohon direban bas, Bature, ya zo da ciwon kafaɗa. Yaya ya goge wurin, ya zare allura, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya ce mini da Hausa, "Dije, zo ki yi masa." Na zaci gwada ni yake yi, har na ji daɗi. Bayan mutumin ya fita, ya rufe ƙofa, ya ɗora hannunsa na dama a kan gwiwa ya ce in duba. Babban yatsansa yana rawa, kaɗan-kaɗan, kamar mai jan carbi.

"Gajiya ce, Yaya," na ce.

"Ke ma'aikaciyar jinya ce," ya ce. "Kin san ba gajiya ba ce."

Likitoci suka tabbatar da cutar makyarkyata ce, irin wadda ba ta warkewa. Wasu abokansa sun ce ai rawar ba ta kai ta hana shi aiki ba, ya sha magani ya ci gaba, babu wanda zai lura. Ya ce shi ya lura. Daga wannan Asabar bai ƙara taɓa jikin kowa da allura ba. Ya bi marasa lafiyarsa ɗaya bayan ɗaya ya haɗa kowa da wani mai aikin, ya mayar wa mai gini makulli, ya koma gida.

Ba zan ƙawata abin da ya biyo baya ba. Yaya ya shiga ƙunci. Matarsa, Anti Rabi, takan kira ni ta ce, "Yayanki ya wuni a kujera ɗaya, ko labule bai buɗe ba." Mutumin da ba ya rasa sallar Juma'a sai da ya kai ana lallashinsa ya fita.

Abin da ya tashe shi ƙorafi ne. Wata dattijuwa 'yar Somaliya, cikin waɗanda ya miƙa ga wasu, ta nemo gidansa ta zo har falo. Ta ce wurin da ya tura ta ba a ɗaukar waya, ɗakin akwai sanyi, kuma babu labulen da mace za ta sakaya jikinta. Ta ce amana ta ba shi, ba ta yafe ba idan ya yasar da ita haka. Washegari ya sa rigar sanyi ya tafi ya ga wurin da idonsa. Ya tarar da wani dattijo ɗan Sin, Mista Lau, gwani na gaske, ya fi shi sanin allura nesa ba kusa ba, amma yana gab da rufe ɗakinsa domin mutane suna zuwa sau ɗaya ba sa dawowa, shi kuma bai san dalili ba. Yaya ya zauna a kujerar jira kamar marar lafiya, ya tambaye shi, "A ina zan rataye rigata?" Babu wurin. Daga nan suka fara.

Haka ya gano aikinsa na biyu. Ya lura makarantu suna koyar da allura, amma ba sa koyar da yadda mutum zai tsaya da ƙafarsa: neman izinin council, wato ƙaramar hukuma, inshora, yadda ake amsa waya, yadda ake rubuta wa GP, wato likitan unguwa, bayani cikin mutunci. Kowa yana fama shi kaɗai a ɗakinsa, yana zaton shi ne kawai bai iya ba. Ya fara tara masu aikin allura a falonsa, Anti Rabi tana yin shayi da cincin. Da suka yi yawa aka zama ƙungiya, aka koma haɗuwa wata-wata, wannan watan a Manchester, na gaba a Birmingham. Mu Hausawa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. Sauran 'yan Pakistan ne, da 'yan Sin, da Somalawa, da Turawa. Kowace Juma'a kuma yakan turo labaran ƙungiya a waya: wance ta haihu, wane ya yi rashin uwa a je a yi masa gaisuwa, akwai ɗakin haya a wuri kaza, an sauya dokar zubar da tsofaffin allurai. Da rubutu ya fara. Da hannun ya ƙi, ya koma turo murya.

Ni ma na sha nawa. Da na bar asibiti na buɗe ɗakina a saman wani shago a unguwar Sparkhill ta Birmingham, na yi makonni ina zaune da ni da bango. Na yi fenti, na sayi furanni, na rataye takardar shaidata, shiru. Ya hau jirgi ya zo, ya leƙa ko'ina, ya ce ɗakin ba shi da laifi. Sannan ya tambaye ni ko mai shagon da ke ƙasa ya san sunana. Na ce ban taɓa shiga ba.

"Taso," ya ce.

"Yaya, ni fa ba talla zan yi ba. Kunya nake ji."

"Ban ce ki yi talla ba. Gaisuwa za ki yi. A Kano za ki tare a unguwa ba ki gai da maƙwabta ba?"

Muka bi titin Stratford Road shago-shago, shi a gaba yana jan ƙafa, ni a baya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Mun gai da tela, da mai aski, da masu dafa abinci da ke wuni a tsaye. Bai bari na ce allura tana maganin komai ba; sunana kawai, da abin da nake yi, da inda nake. Matar telan ce ta fara hawowa benena, da ciwon wuya. Har yau tana zuwa, ta kuma kawo surukarta.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yadda sana'ar ta koma. Yanzu idan na buɗe waya sai in ga masu kiran kansu masu horar da 'yan kasuwa suna alƙawarin cika maka ɗaki cikin ƙanƙanen lokaci, ba su taɓa ganin ɗakin ba. Sai in ga matashi yana bidiyo yana cewa allurarsa tana ba da haihuwa, tana kawar da ciwon sukari. A zamanin Yaya wani ɗan ƙungiya ya taɓa buga irin wannan. Bai kunyata shi a taro ba. Ya je ya same shi shi kaɗai, ya ce masa akwai matar da za ta karanta ta daina shan maganin likita, kuma ita ce za ta ɗauki wahalar. Mutumin ya yi fushi ya fita daga ƙungiya, bai dawo ba. Yaya ya ji zafin haka har ya rasu, amma bai janye maganarsa ba.

Sai dai ba na son in mayar da shi maƙiyin zamani, domin ba haka yake ba. Na tabbata da ya so tsarin da marar lafiya zai zaɓi lokacin zuwansa a waya ba sai an kira ba. Da kuma ya ga lokacin kullen korona, sa'ad da aka rufe ɗakunanmu duka, muka koma haɗuwa ta bidiyo muna ƙarfafa wa juna gwiwa, ina jin da ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. Bai kai lokacin ba. Ciwon ƙirji na 'yan kwanaki ne ya zama ajalinsa.

Ƙungiyar tana nan, ko da yake ta ragu. Labaran Juma'a yanzu karɓa-karɓa muke yi, wani makon ma a manta. Sababbin shiga da yawa ba su san sunansa ba, kuma babu wani allo ko gini da ke ɗauke da shi.

Watan jiya 'yarsa Amira, wadda yanzu take jami'a, ta raka ni taronmu na Manchester. Ƙarama ce sa'ad da ya ajiye aiki, don haka uban da ta sani shi ne mai rawar hannu, wanda ake ɓalle wa maɓallin riga. Ban gaya wa kowa ko wace ce ba, amma Mista Lau yana ganinta ya miƙe, da tsufansa, ya ce goshin mahaifinta ne. Aka ajiye abin da aka zo tattaunawa. Kowa ya riƙa faɗin ranar da Yaya ya hau benensa, da abin da ya tarar, da faɗan da ya yi masa. Amira tana zaune ta rungume jakarta.

Sai a tashar jirgi, da ta rako ni, ta tambaye ni da Hausarta mai gauraye da Turanci, "Goggo, Baba ya yi farin ciki kuwa bayan ya daina?"

Na so in ce mata ƙwarai, in wuce. Amma 'yar Kabiru ce, ba a yi mata kwaskwarima. Na ce mata ya yi kewar allura har ranar da ya bar duniya. Na sha kama shi yana kallon hannuna idan ina aiki, sai ya kawar da kai. Na ce mata kuma ban taɓa ganin mutumin da ake jira kamar yadda ake jiran mahaifinta ba, a garuruwa biyu, kuma ya san ana jiran nasa.

Jirgina ya iso ya tsaya. Sannan ta ce, "Ni na zata mutum ne da ciwo ya zaunar." Ta share ido da bakin mayafi, ta tambaye ni yaushe ne taro na gaba.

Allah Ya jiƙan Yaya Kabiru, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa tafiye-tafiyen da ya yi da jikin da ba ya ba shi haɗin kai su zame masa nauyi a mizani.