Ƙahon Awon Kaka

Ranar nan, tun da Kaka ya shafa bakin ƙahon awon albarushi da yatsa na san na yi ɓarna. Jiya na tsinci ƙahon a jakarsa, shekara guda da rasuwarsa. Warin albarushi na buguna, ranar ta dawo mini sabuwa.

Maharbi ne a Janfalan. Da idonsa ya raunana, ni nake auna masa albarushin bindiga. Maganarsa ɗaya ce kullum: "Ki cika, ki shafe baki da tsinke. Tozo ke fasa bindiga a fuskar mai ita."

Ranar ina sauri, na bar tozo. Ya juya mini baya, ya ɗura, ya danna da sanda, ya miƙo mini bindigar.

"'Yar boko, ke kika auna, ke za ki harba."

"Kaka, don girman Allah ka yi haƙuri."

"Ɗora a kafaɗa. Matso da kumatunki. In ta fashe, fuskarki ce."

Inna na roƙonsa daga bakin ƙofa, ko kallonta bai yi ba. Na rufe ido na ja kunamar. Ƙas kawai na ji. Fitsari ya jiƙa mini zane a gaban kowa, shi kuwa yana dariya har da tari.

"Tashi, babu abin da zai same ki. A ƙasa na zubar da albarushin."

Allah Ya shafe masa tozon laifinsa ranar awo. Ni dai har yau bakina bai iya cewa na yafe ba.