Gafiyar da Ta Kai Wuta Ɗakin Goro

Kadiri Busanga shekarunsa sittin da ɗaya, tsohon soja ne, mai lambu a bakin babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi. Ba shi da mata yanzu, ba shi da gidan kansa. Abin da yake ci da shi ɗan fili ne a bayan gidan Hajiya Amama mai fataucin goro, wadda ta ba shi aro bayan ya dawo daga yaƙin Bama. Sharaɗinta guda ne: ya shuka abin da ya ga dama, amma kada ɓera ko gafiya su taɓa mata ɗakin goro, wanda bangonsa na katako ya jingina da shingen lambun.

Ya riƙe sharaɗin nan shekara da shekaru. Yana shuka masara da gyaɗa da kuɓewa da barkono, yana kuma kisa. Kurege mai tonon gyaɗa da danƙo yake harbinsa, ya kama shi ta wutsiya ya fyaɗa da dutse. Ɓeraye kuwa tarkon waya yake ɗana musu, da safe ya nutsa su a tsohuwar garwa har kumfa ta daina tasowa. Gafiya ita ce babbar abokiyar gaba. Idan ya gano raminta sai ya toshe sauran ƙofofin da laka, ya cusa tsumma da busasshen barkono a ɗaya, ya kunna, ya tsaya da kulki. In ta fito tana layi, bugu ɗaya yake mata a ƙeya. Mutanen unguwa suna kiransa Baba Soja, ba sa son tsayawa kusa da shi in yana wannan aikin, don fuskarsa takan canza.

A daminar 1963 kwatar ta cika ta yi ambaliya, gafiyoyin da ke gaɓa suka hauro cikin lambun. Suka kwantar da masara, suka yashe gyaɗa. Hajiya ta tarar da an huda huhun goro guda, ta leƙo ta kan shinge.

"Baba Soja, ka tsufa ne, ko kun yi sulhu da su?"

"Hajiya, ba ni 'yan kwanaki."

A cikinsu akwai wata ƙatuwa mai yagaggen kunne wadda hayaƙi ba ya fito da ita. Da ƙyar Kadiri ya kama ta a kejin waya wata ranar Talata da hantsi. Ya sa hannu zai jawo ta, ta kafa masa haƙori a babban yatsa, ta ƙi saki. Ya buga ta da ƙasa, ya sake bugawa, sai da ta tafi da tsokar yatsan sannan ta faɗa cikin kejin. Jini ya wanke masa hannu har gwiwa.

Ganiyu mai kananzir, wanda rumfarsa ke bakin hanya, ya zo kallo yana dariya.

"Kai, Soja! Jafan ba su ci ka ba, gafiyar Nima ta ci ka?"

"Yau zan fasa kanta."

"Ka fasa kan ɗaya, saura fa? A garinmu wuta ake sa mata a sake ta. Ta shiga rami da wutar, 'yan uwanta su ji ƙauri, ba su sake dawowa."

Kadiri ma ya san wannan. Haka suke yi a gonakin Bawku yana saurayi, inda rami yake farawa a gona ya ƙare a daji. Zafin yatsa bai bar shi ya tuna cewa a Nima babu daji ba. Ganiyu ya kawo kwalba, Kadiri ya kwarara mata kananzir har gashinta ya kwanta, ya ƙyasta ashana, ya buɗe kejin da ƙafa.

Kukan da ta yi, matan da ke wanki a bakin kwata sun ce kamar na jariri ne. Ta zagaya lambun tana ci da wuta, ta faɗa ramin da ke gindin shinge. Ganiyu ya tafa hannu. Ba a jima ba hayaƙi ya fara fita ta ƙarƙashin kwanon ɗakin goro.

Ramin ya bi ta ƙasan bangon katako ne ya ɓulla a tsakiyar ɗakin, inda aka jibge busassun ganye da buhunan algarara. Kadiri ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Ya shiga yana jawo huhuna yana cillowa waje, rigarsa ta kama, ya yage ta ya koma. Wani katako ya faɗo masa a baya. Maza suka yi layi da bokitai daga kwata, mata suna salati suna kwashe yara daga ɗakunan da ke kusa. A ƙarshe sai da aka rushe ɗakin da gatari don kada wutar ta tsallaka, aka jawo Kadiri ta ƙafa. Fatar hannayensa ta saɓule. Ganiyu kuwa tuni ya rufe rumfa ya tafi wajen ɗan uwansa a unguwar Alajo.

Ba wanda ya mutu. Goron dai rabinsa ya zama gawayi, sauran ya sha hayaƙi, ba mai saye.

Hajiya ta biya masa magani a asibiti, ba ta kai shi ƙara wajen sarkin zango, shugaban unguwar, ba. Da aka sallame shi ta sa aka kira shi zaure.

"Baba Soja, na ce ka tsare min goro daga gafiya. Gafiya huhu ɗaya ta ci. Kai ka ci ɗakin."

"Gaskiya ne, Hajiya."

"Ka jira masararka ta nuna ka cire, ka bar min filina."

Bai roƙe ta ba. Ya koma ya duba lambun. Kwanakin da ya yi a kwance gafiyoyin sun dawo, sababbin ramuka ko'ina, ga shi kuma ba hannun riƙe kulki. Ya san kafin masarar ta nuna babu abin da zai rage.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, ya sa wani mahauci ya ɗaure masa adda a hannun dama da tsumma. Ya shiga lambun ya sare masarar ɗanya, kara bayan kara, har bandejin ya jiƙe da jini. Ya kira masu kiwon tumaki ya ce su kwashe.