Inda Alhaji ya hana ni sa kyamara

Ina bisa tsani jiya, ina saita kyamara ta uku a wani garejin gyaran motoci da ke Ƙofar Durbi, sai mai garejin ya ce, "Malam, ɗan kauda ta daga gindin iccen bedin can." Wata darbejiya yake nufi.

Satin da ya wuce aka sace musu batirin motar wani, shi ya sa ya kira ni. Kyamara ɗaya na ɗaukar lambar mota a bakin get, ɗaya na ɗaukar fuskar mai shigowa.

Na ce, "Alhaji, ai nan ƙaramar ƙofa take. In na kauda ta, ɓarawo ya samu hanya."

Ya rage murya. "Kullum da azahar wasu dattawa biyu na shigowa ta nan su ci abinci da makanikaina. Da can masu hali ne. Ran da suka ga kyamara a kansu, ba za su ƙara zuwa ba. Batir kuwa ana sayen wani."

Na juya ta.

Shekara takwas ina koyon inda ake sa kyamara, sai jiya na san inda ba a sawa. Ku da ku ne, za ku juya ta?