Doyar Godiya a Kafaɗa

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas zuwa sabon babban birni kusa da mu, cocinmu na Karu ya cika har ana leƙe ta taga. Da mu kaɗai ne, manoma Gbagyi da irinmu da aure ya kawo daga Filato. Sai ga ma'aikata da matansu, kowa da yarensa da irin waƙarsa.

A lokacin surukata, uwar mijina, 'yar Gbagyi, ba ta daɗe da yin baftisma ba. Ta tsufa a kan addinin iyayenta, da kyar da addu'a muka samu ta fara bin mu coci. Ni nake karanta mata Littafi Mai Tsarki, a hankali, da ɗan karatuna na ajin manya.

Da bikin godiyar kaka ya matso, sabuwar shugabar zumuntar mata, matar wani oga da muke kira Madam, ta tara mu ranar Asabar. Ta ce duk za mu sa anko, mu shigo a layi, kowace da doyarta a ka.

Su kuwa matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, daf da wuya. Haka suka taso suka gani.

Surukata ta ce, "Ni a kafaɗa zan ɗauka."

Madam ta ce, "Haba Mama, ai jiki ɗaya muke. Baƙi za su zo daga Garki. Kada layi ya karkace."

"Layin ne zai ci doyar?"

Ba wadda ta yi dariya. Madam ta ce wadda ba za ta iya ba, ta ajiye nata a waje, maza su shigar. Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Amma na ga fuskar surukata. A hanya ta ce mini, "'Yata, in doyata ba za ta shiga yadda na ɗauko ta ba, ƙafata ma ba za ta ƙara shiga ba."

Ranar Lahadi muka jeru. Ganga ta tashi. Surukata tana tsaye gindin mangwaro da ƙwaryarta a kafaɗa, wasu tsofaffi a bayanta suna jiran abin da za ta yi. Layi ya fara tafiya, ita ba ta motsa ba. Bakina yana waƙa, amma ban san me nake rerawa ba. Karatun da na yi mata ne kawai yake yi mini yawo a zuciya, inda aka ce ido ba shi da ikon ce wa hannu, ba na bukatarka.

Da na iso bakin ƙofa, na sauke darona daga ka, na jefar da gammo, na ɗora a kafaɗa. Ban taɓa gwadawa ba. Taku kaɗan daron ya zame. Doya ta watse tsakanin bencuna, ƙarar daron ta cika ɗakin. Mai ganga ya tsaya. Madam ta juyo tana kallona, ni kuwa na kasa ɗaga ido.

Sai na ji murya a bayana.

"Wayyo ni! Kin haifa mana 'ya'ya, amma ɗaukar kaya ta gagare ki? Sunkuyar da wuyan nan!"

Surukata ce, a cikin coci. Ta tattara doyar tana mita, ta ɗora mini, ta danna da hannu har na ji a ƙashi. Guda ɗaya ta gangara wajen ƙafar Madam. Madam ta daɗe a tsaye, sannan ta duƙa a hankali, nata kayan na bisa kanta, ta ɗauka ta miƙo.

Haka muka isa gaban bagadi, layi a karkace. Surukata ta sauke ƙwaryarta da kanta. Da za mu zauna, ta ture ni da gwiwar hannu.

"Matsa mini. A nan gaba zan zauna, kunnena ba ya ji daga baya."