Bargon da Nemesia Ta Saƙa wa Ƙanenta

A Chillka, ƙauyenmu na can saman duwatsu, babu wanda bai ɗanɗani bakin Nemesia Achahui ba, amma duk mai son bargon kirki dole ya haƙura ya je ƙofarta. Masaƙiya ce tun tana yarinya. Da hantsi za ka same ta zaune a ƙasa, igiyar saƙa ɗaure a ƙugunta, ɗaya bakin kuma a jikin turke, tana tauna ganyen koka, wanda shi ne goronmu, tana kushe aikin matan unguwa. Ko daga nesa ta hango bargo a kafaɗar mutum, sai ta faɗi wadda ta kaɗa zaren da wadda ta rina shi, har ta ƙara da cewa rinin bai kama ba.

Tana da shekara goma sha huɗu uwarsu ta rasu ta bar mata jariri, Hilario. Ita ta goya shi, ita ta tauna masa dankali. Ta taɓa yin aure, mijin ya tafi haƙar azurfa bai dawo ba, ta ce ita dai ba ta ga abin da ya ragu a gidan ba in ban da minshari. Hilario ya tashi shiru-shiru, mai sanyin hali, yana kora lama, dabbobinmu na ɗaukar kaya masu kama da ƙaramin raƙumi, zuwa tafkin gishiri ya dawo da kaya. Har ya yi aure ya haifi 'ya'ya biyu Nemesia ba ta daina ce masa yaro ba, shi kuma bai taɓa musa mata ba.

A shekarar 1924, bayan an tone dankali, Hilario na dawowa daga gishiri da rana tsaka sai ya tarar da gawa a mashigin dutse, kai a fashe, ungulaye sun fara zagayawa a sama. Wanda ake kira Don Serapio ne, mai kula da gandun maigidan ƙasarmu. Shi ne mutumin da shekara guda kafin nan ya sa aka ɗaure Hilario aka yi masa bulala ashirin a gaban matarsa, don lamarsa ɗaya ta ci ciyawar gandu.

A wurinmu ba a wuce gawa a bar fuskarta a buɗe, ko ta wane ne. Wanda ya fara gani shi ke cire bargonsa ya rufe. Ba ya ɗauke shi kuma, ba ya yawo yana faɗa, don faɗar na zubar da ladan. Hilario ya cire nasa ya rufe wanda ya zane shi, ya sauko cikin iska da 'yar riga, ya gaya wa mai gari Tayta Melchor akwai gawa a sama. Nemesia ta gan shi ba bargo, ta gane, ba ta tambaya ba. Ta dai ƙara masa miya a ranar.

Bayan mako uku alƙali ya hauro daga birni da 'yan sanda biyu da tafinta. Aka sa masa tebur a ƙofar coci, aka tara mu, aka shimfiɗa bargon, jini ya bushe a gefe ɗaya. Tambaya ɗaya ce: na wane ne?

Mazan da suka taɓa aikin dole a birni sun san kotu, sai kowa ya sunkuyar da kai. Tayta Melchor ya ce shi idonsa ya tsufa, barguna duk ɗaya suke masa. Nemesia ba ta taɓa sauka birni ba. Tana tsaye tana tafasa, a ganinta hassada ce ta hana mazan nan buɗe baki. Ƙanenta ya yi abin da ko su ba lalle su iya ba, ga babban mutum ya hau dutse takanas don ya san wanda ya yi, su kuma sun yi gum.

Tafintan ɗan kwari ne, ya san mu sarai. Ya ɗaga gefen bargon ya dubi mata, ya ce ai ba sai an wahala ba, wannan aikin matan ƙauyen Sayhua ne, a Chillka babu hannun da zai fitar da baki irin wannan.

"Matan Sayhua?" in ji Nemesia. "Waɗanda buhu ma sai ya karkace a hannunsu? Kai ɗan nan, juya ka ga ƙullin. Ni na saƙa shi, wata biyu ina kansa. Na ƙanena ne, ga shi can tsaye. Ranka ya daɗe, rubuta sunansa da kyau."

Alƙali kuwa ya rubuta da kyau.

Sai da ta ga igiya a hannun ɗan sanda sannan ta gane abin da bakinta ya jawo. Ta yi bayanin al'ada, ta sake yi, Tayta Melchor ya farfaɗo da idonsa ya goya mata baya, mata suka sa baki. Tafinta ya juya maganar cikin harshen birni, ko duka ya juya ko rabi, Allah kaɗai ya sani. Alƙali ya yi murmushi ya tambaya ko ba wannan ne aka yi wa bulala bara ba. Aka ce shi ne. Ya ce to shi bai taɓa jin inda mutum ya sha bulala ashirin sannan ya tuɓe wa mai bulalar bargonsa cikin sanyi ba. Ya kashe shi ne, wajen gudu bargon ya faɗi. Ni har yau abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, alƙalin ba mugunta ya yi niyya ba. Iyakar abin da ya sani game da mutane ke nan, kuma da shi ya yanke shekara goma sha biyar.

Wanda ya fasa kan Don Serapio, ko mutum ne ko dokinsa ne ya kayar da shi, ba a sake tambaya ba.

Daga nan Nemesia ta koyi hanyar birni, kwana huɗu a ƙafa. Duk shekara bayan girbi sai ta ɗaura busasshen dankali da soyayyar masara ta sauka. Ta durƙusa wa limamin coci, ta kai wa wani lauya tumaki biyu ya rubuta takarda, takardar ta shiga wani ofis ba ta fito ba. Matar Hilario ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta, in sun haɗu a rafi sai ta kau da kai. Nemesia ta ci gaba da saƙa don dole, amma ta daina duban bargon kowa. Ka nuna mata, sai ta ce ba ta sani ba.

Shekara biyar tana zuwa, suna hira ta tsakanin ƙarafan kurkuku kan lama da ruwan sama da wanda ya mutu, ba wanda ya taɓa ɗauko zancen ƙofar coci. Gafara take so, amma bakin nan da ya gagari gari ya kasa roƙo. A ta shida ta same shi ya rame, yana tari yana riƙe ƙirji. Ta san ba lalle ta sake samunsa ba.

"Yaro, ni na kawo ka nan," ta ce. "Da na kama bakina."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "Ke, Yaya? Da ranar an buga ƙararrawar coci." Ya huta kaɗan. "Gaskiya kika faɗa, ban taɓa riƙe ki ba. Ki cire wannan daga ranki."

Ta fara kuka, kukan sauƙi, tana ganin abin da ta zo nema ta samu. Sai ya matso da fuskarsa kusa da ƙarfen, ya rage murya kamar mai jin kunya.

"Wani abu ne ke damuna. Kullum ina komawa mashigin nan a raina. Ina ganinsa kwance, ina ganin tsuntsayen. Yaya, yanzu wucewa nake yi, ba na rufe shi."

Mai gadi ya buga sanda ya ce lokaci ya yi. Hilario bai kai girbi na gaba ba.